Luguden da Na Rubuta Wa Turawa

Assalamu alaikum warahmatullah. Anti mai shafi, ina gaishe ki, ina gaida masu karatu manya da yara. Don girman Allah ki ɓoye sunana da lambata, kada ko harafin farko ya fito, za ki gane dalili in kin kai ƙarshe. Ku kuma masu sharhi, na san halinku, na sha ganin yadda kuke yi wa mutum ca a nan. Ku zage ni in kun ga dama, ba sunan da za ku kira ni da shi wanda ban riga na kira kaina ba, amma ku bari sai kun ba ni shawara tukuna, don kwana huɗu kawai gare ni. Ku yi haƙuri da Hausata kuma, Bagobira ce ni, yadda bakina ya saba haka hannuna ke rubutawa.

Ni malamar firamare ce a Sabon Birni, shekarata goma sha ɗaya ina riƙe da alli, ina da aure da ɗiya uku. Asalina wani ƙauye ne tsakaninmu da Isa, ba za ni faɗi sunansa ba, na riga na faɗi abin da ya fi ƙarfina sau ɗaya. Bara waccan na samu gurbin karatun digiri na biyu a wata jami'a ta ƙasar Turawa, karatu ta intanet, fannin tafiyar da harkar ilimi tsakanin ƙasashe. Wato a koya maka yadda ake tsara makarantu, yadda wannan ƙasa ke yi da yadda waccan ke yi, da inda ƙungiyoyin agaji ke shigowa. Wallahi ranar da saƙon ya shigo sai da na rangaɗa guɗa ni kaɗai a tsakar gida, har maƙwabta sunka leƙo suna tambaya ko haihuwa anka yi. Ni da ban taɓa wuce Sakkwato ba! Kun san yadda sabis yake a wajenmu, yau akwai gobe babu, sai maigidana, wanda ke fataucin kaya zuwa Nijar, ya sawo mani layin can. In an fara darasi in tsaya jikin katangar arewa ina ɗaga waya sama, yara na dariya suna cewa Mama na kiran ruwa.

To amma ajin nan ya ƙasƙanta ni, gaskiya ɗaya ce. Wannan daga Kenya, waccan daga Indiya, kowa ya zo da labarin makarantarsa, ga jadawali, ga kwamfutoci, ga hotunan yara cikin yunifom. Ni in an zo kaina mi za ni ce? In ce rabin makarantun ƙauyukanmu a rufe suke, wasu sun zama masaukin 'yan gudun hijira, wasu awaki ke kwana ciki? Sai in kwaso abin da littafi ya ce in zuba musu. Makina kuwa tsaka-tsaki, ba yabo ba fallasa. Wata rana malamarmu, wata Baturiya dattijuwa mai yawan murmushi, ta rubuta a ƙasan aikina cewa ta ga abin da marubuta sunka ce, amma ni ba ta gan ni ba, ina nawa? Maganar nan ta tsaya mani a ƙahon zuci. Ni mutum ce mai zuciya, ba na son a raina ni, tun ina yarinya anka san ni da haka. Na ce wallahi sai matar nan ta san akwai mutum a Gobir.

A zangon da ya biyo baya munka shiga darasin ilimi a wuraren da ake rikici. Aikin da anka ba mu shi ne kowa ya nemo misali ɗaya kusa da shi, inda mutane sunka ƙi barin karatu ya mutu duk da tashin hankali, ya yi hira da su, ya rubuta. Sharaɗi biyu ta gindaya, ta maimaita su har sau uku: wanda za ka yi hira da shi ya sa hannu a fom cewa ya yarda, sannan ka canja masa suna yadda ba mai gane shi. Tana faɗa ina murna, don na san ina da abin da duk ajin ba mai irinsa. Ina da Kawu.

Kawu ƙanen mahaifiyata ne, shi ne hedimastan firamaren ƙauyenmu tun ban san hagu da dama ba. Shi ya tsaya kai da fata sai da anka sa ni boko, shi ya goya ni a kekensa ya kai ni jarrabawar shiga sakandare, ranar ana ruwa, ya lulluɓe ni da rigarsa shi ya jiƙe sharkaf. Sunan mahaifiyarsu anka sa mani, don haka bai taɓa kiran sunana ba, Uwata yake ce mani. Da mutanen daji sunka addabi yankinmu, sojoji sun taɓa sauka a makarantarsa na ɗan lokaci, sannan sunka tashi. Bayan tafiyarsu garin ya rasa yadda zai yi, anka yi sulhu da 'yan bindigar. Sharuɗɗan su ne a riƙa yi musu aikin gona, kada kowa ya kai labarinsu ga hukuma, kuma makaranta ta zauna a rufe, don a wajensu duk ranar da anka buɗe ta, to idon gwamnati ne ya dawo. Haka anka sa kwaɗo a ƙofa, mu da ke Sabon Birni duk muna zaton Kawu ya koma noma kawai.

Ran kasuwa yakan shigo Sabon Birni, ya sauka gidana ya ci tuwo ya yi azahar. A irin wannan zaman ne, tun kafin a ba mu aikin, ya taɓa yi mani shaguɓe cewa shi har yau bai aje alli ba, sai dai allin nasa ya zama kara. Da aikin ya zo sai na tuna. Na jira ran kasuwa, na yi masa miyar da yake so, na kunna abin ɗaukar murya na waya, na kifa faifai a kanta kusa da ƙafarsa. E, haka na yi, ban gaya masa ba. Na riƙa jansa da hira har ya saki jiki. Ashe wani gida ne a tsakiyar gari, bayan rumbuna, nan yara ke taruwa da hantsi kowa da allonsa, kamar masu zuwa karatun Ƙur'ani, kuma suna yin sa ɗin. In an shafa fatiha sai Kawu ya share ƙasa, ya ɗauki kara, ya rubuta musu baƙaƙen boko da lissafi a kan rairayi, su ma su kwaikwaya da yatsa. Ba littafi, ba biro, ba ko rajista, sunayen yaran da inda kowa ya kai duk a kansa suke. Na ce, "Kawu, in sun shigo gari fa kuna tsaka da yi?" Ya yi dariya ya ce, "Uwata, mata ka gadinmu." Gidajen bakin gari kullum akwai mai daka. In daka ce ta yau da kullum, turmi ɗaya taɓarya ɗaya, to lafiya. Da sun jiyo ƙarar babura sai mata biyu su haɗu a turmi ɗaya su ɓarke da lugude, suna cilla taɓare sama suna tafi, gida na gaba ya karɓa, na gaba ya karɓa, kafin baburan su iso masallaci labari ya kai bayan rumbuna. Kawu ya ja tsintsiya sau biyu, yara su ɗaga alluna, sai ka ji gari ya ɗauka da karatu. Shekara biyu suna haka ba wanda ya gane.

Da zai tashi ya dube ni ya ce, "Maganar ga ta tsaya zauren ga, Uwata. Ko maigidanki kada shi ji." Na ce, "Haba Kawu, ni yarinya ce?" Ina faɗa wayar na kwance ƙarƙashin faifai tana ɗauka.

Kada ku ce ban san abin da nake yi ba, na sani, sai dai na yi wa kaina huɗuba. Na ce Baturiya ɗaya ce can bayan teku za ta karanta ta sa maki ta manta, wannan ai ba fitar da magana ba ne. Fom ɗin yarda kuwa, ina za ni kai masa? Na san amsar da zai ba ni. Sai na buɗe akwati na ɗauko takardun sakamakona na firamare, sa hannunsa na kan kowace ɗaya, na san lanƙwasarsa kamar tafin hannuna. Na gwada sau uku a bayan littafin ɗana, na huɗu na dangwala a fom. Sa hannun da ya ɗaga ni daga aji zuwa aji, shi na sata.

Sai maganar suna, kuma nan ne nake son ku fahimce ni ko da ba za ku yafe mani ba. A wajenmu ba a kiran babba da sunan yanka, kunya ce. Sunan Kawu na gaskiya yana kan takardar albashi ne kawai, na tabbata ko a ƙauyen in ka tara mutum goma ka faɗe shi, takwas za su ce wa ke nan? Abin da kowa ya san shi da shi wani lakabi ne da anka laƙa masa saboda tsohon kekensa, daga Isa har bakin iyaka in ka faɗi lakabin nan yaro ma zai nuna maka gidansa. To da malama ta ce a cire suna na gaskiya a sa wani, ni a kaina suna shi ne na yanka, lakabi ai ba suna ba ne. Sai na cire wanda ba wanda ya sani, na sa wanda duniya ta sani, na ce na cika sharaɗi. Baturiya ina za ta gane? Ita ta ga wata kalma ta Hausa ta ɗauka ƙirƙira ta na yi. Kuma tunda na zo tonon kaina bari in ƙarasa: akwai wani lungu a zuciyata da ya so lakabin ya fito. Na so ko a takarda ɗaya a duniya a rubuta cewa mutumin nan ya yi abin da ya yi. Sunan garin na ɓoye, amma na faɗi kasuwar da suke ci, na faɗi rumbunan, na faɗi tsintsiya. Luguden kuwa shafi biyu cur na ba shi, har da yadda yake tafiya daga gida zuwa gida, don shi ya fi daɗin rubutawa.

Na ci makin da ba wanda ya kai a ajin. Malama ta karanta wani yanki a gaban kowa, na ga 'yar Indiya na share hawaye, ɗan Kenya ya rubuto yana jinjina mani. Ranar ko abinci ban iya ci ba don daɗi. Bayan sati biyu imel ya shigo, jami'a na son sa aikin a shafinta inda ake baje ayyukan ɗalibai da sunka yi fice, ba tare da sunana ba in na so. Tambaya ɗaya ce a ƙasa: shin wanda anka yi hira da shi ya yarda a buga wa jama'a? Akwati biyu, e da a'a. Na daɗe ina kallonsu, har allon wayar ya mutu na sake kunnawa. Na ce da Turanci ne fa, wa zai karanta Turanci a daji? Na danna e. Sunana na ce a cire, kun ji, kaina na san in kare.

Wata huɗu ba abin da ya faru, har na manta. Rannan da la'asar maigida ya dawo daga kasuwa fuska a washe, tun daga zaure yake kira, "Malama, zo ki ji, Kawunki ya shiga duniya!" Ya miƙo mani waya. Murya ce ta wani saurayi mai karanta labarai a irin shafukan nan na Hausa, ya fassara aikina kaf, ya sa masa kiɗa mai taushi a baya, yana ta kirari, wai gwarzon malamin da ya gagari 'yan bindiga. Na ji lakabin Kawu ya fito daga bakin mutumin da bai taɓa ganinsa ba. Na ji rumbuna. Na ji lugude, da yadda yake tafiya gida gida, da kalmomina, jerin da na yi musu bai ko canja ba. Wai wasu Turawa ne sunka binciko, sunka buga a shafinsu. Maigida ya ce a wurin masu cajin waya ya samo, kowa turawa yake, har masu babura na sa wa fasinja. Na zauna a kan turmin da ke kife a tsakar gida.

Shi ma bai kai ƙarshe ba murmushin ya ɗauke. Ya mayar baya ya sake saurare, sannan ya kashe wayar a hankali ya ce, "Innalillahi. Malama, wanda yay yi wanga ya kashe bawan Allah. Su ma mutanen daji ai wurin masu cajin nan yaransu ka kawo wayoyi." Ya ƙara da cewa, "Wane marar imani na haka? Allah ya isa tsakaninmu da shi, ko wa ye." Ni na ce amin. Da bakina na ce amin, na tashi na zuba masa abinci.

Na rubuta wa jami'a a ranar, na ce a sauke, rai na cikin haɗari. Sun sauke kuwa cikin kwana biyu, sun ba da haƙuri, sun kuma tambaye ni cikin ladabi ko mai hirar ya san za a buga, tunda ga sa hannunsa. Har yau ban amsa ba. Amma saukewar mi ta tsinana? Abin da ya shiga wayoyin kasuwa ya shiga ke nan, wa zai bi rumfa rumfa yana gogewa? Na samu shafin saurayin na roƙe shi da wani suna, ya ce shi alheri ya yi, yana ɗaukaka jarumanmu ne, in ba hassada ba mi ya dame ni. Kun ji fa. Ni har na samu bakin zagin wani.

Sati uku ina zaman ɗar-ɗar. Kowane babur ya tsaya a ƙofar gida sai in leƙa in ga ko wa ne. Kawu bai zo kasuwa ba sau biyu a jere, wayarsa kuwa dama ba ya riƙe ta a ƙauyen, don riƙe waya a can kansa laifi ne. Na riƙa tambayar mutanen ƙauyenmu a fakaice, kowa sai ya ce lafiya lau, ya kau da kai da sauri, irin lafiyar da ba ka son ji. A makaranta ina rubutu a allo sai in tsinci kaina na tsaya, yara na kallona. Ko daka maƙwabta sunka fara sai in kasa kunne in ji taɓarya ɗaya ce ko biyu. Na rame har abokan aiki na tsokanata wai na huɗu ne ke tafe.

Jiya, ran kasuwa, ya zo. Ban ji sallamarsa ba sai ganinsa na yi zaune a zaure inda ya saba, ya jingina keken da bango. Na kawo ruwa na durƙusa na gaishe shi, ya amsa kamar kullum, ya tambayi yara ɗaya bayan ɗaya. Tuwon ma ya ci, bai rage ba. Sai da ya wanke hannu sannan ya ce, "Sun zo, Uwata."

Ya ce ranar Talata da hantsi ne, kuma ba da babura sunka shigo ba. Sun aje su nesa sunka tako da ƙafa, su shida, don haka ba wanda ya ji komai. Kai tsaye gidan bakin gari sunka nufa, inda matar Kawu ke taya wata ƙanwarta daka. Babbansu ya zauna a kan gungume, ya ɗora bindiga a cinya, ya ce wa matan, "Ku yi muna luguden nan mu ji. An ce kun iya." Matan sunka tsaya kamar an dasa su. Ya ce, "Ku yi mana, da tafin." Haka sunka haɗu a turmi ɗaya, sunka fara. Gida na gaba, su ba su san abin da ke faruwa ba, sunka karɓa. Na gaba ya karɓa. Mutumin na zaune yana bin sautin da yatsa, gida gida, yana murmushi, har ya ga inda ya tsaya. Sannan ya miƙe ya bi shi. Ya iske Kawu da tsintsiya a hannu, yara na ta karatu da ƙarfi. Bai taɓa kowa ba. Ya sa ƙafa ya tona rairayin kaɗan, ya dubi Kawu ya kira shi da lakabinsa.

Na ce, "Kawu, mi sunka ce?"

Ya ce, "Sun ce karatun yara bai dame su ba kamar bakin da yak kai labari. Wanda yak kai wa Turawa labarin turmi, gobe shi ka kai wa soja labarin hanya. Sun ba ni kwana goma, zuwa Juma'ar ga mai zuwa. In tahi wurinsu da wanda yay yi, ko in tahi ni ɗai."

Na fara magana a rikice, na ce ya ƙetare Nijar yau ɗin nan, maigida ya san hanya, ya san mutane a can. Ya girgiza kai ya ce in ya gudu sulhu ya watse, kuma matan da sunka yi lugude su za a fara tambaya, ga gero bai gama shiga rumbu ba. Na ce a gaya wa sojoji. Ya ce sojoji za su zo su tafi, garin kuwa ba inda za shi. Ya ce tun ranar gari ya rikice, kowa na kallon kowa, har an fara nuna wani mai shago da yatsa saboda ɗansa na karatu a birni, shi ya tashi a masallaci ya rantse cewa ba ruwan mutumin. Na buɗe baki, wallahi na buɗe, na ce, "Kawu, ni..." Sai ya ɗaga hannu ya tsayar da ni, yadda yake tsayar da mu a aji.

Ya ce, "Na hwaɗa masu ban taɓa gaya wa kowa ba. Haka za ni ce ran Juma'a, kuma ba ni son wani shi maishe ni maƙaryaci." Bai dube ni ba da yana faɗa, ƙasa yake kallo. Sannan ya ce, "Tashi ki ɗauko biro da takarda, Uwata, ke kin iya rubutu."

Na ɗauko. Ya gyara zama ya fara jero mani yaransa daga ka, su talatin da ɗaya, kowa da sunan ubansa da inda ya kai. Wane ya iya haɗa baƙi amma yana juya wasu. Wance ta fi kowa lissafi, ta kai rabawa, kada a bari a ce ta girma. Wane ba ya ji da kunnen hagu, a zaunar da shi ta dama. Wane sai an yi haƙuri da shi, tun da anka kashe ubansa ba ya son a ɗaga murya. Ina rubutawa hawaye na ɗiga a takardar ina gogewa da gefen hijabi, shi kuwa ko gezau, in na yi kuskure ya ce goge ki gyara. Mutumin da ya shekara biyu bai yarda sunan yaro ɗaya ya hau takarda ba. Da munka gama ya karɓa ya duba daga sama har ƙasa, ya miƙo mani ya ce, "Ko da wani ya zo bayana, shi san inda zai ɗora. Amma wagga, ki sa ta cikin akwati. Kin ji ko? Cikin akwati."

Na ce na ji. Ya shafa kan autana, ya tura kekensa ya fita, ban iya ko raka shi ƙofa ba.

Ya sani ke nan, ko ba haka kuke gani ba? Ya sani tun ranar da ya ji muryar, don ba wanda ya gaya wa sai ni, kuma ya zo har gidana ya ci tuwona ya hana ni faɗa. To ni yanzu ina za ni sa kaina? In na fito na ce ni ce, a wajenmu wanda anka kira infoma, mai kai labari, ba a yi masa shari'a, kuma ba ni kaɗai za ta ci ba, mahaifiyata na cikin ƙauyen nan, maigida kullum yana kan hanyar daji da kaya, ga ɗiya uku. Kuma wa ya tabbatar mani in sun same ni za su ƙyale shi, tunda daga bakinsa na ji? In na gaya wa maigida, mutumin da ya ja Allah ya isa na ce amin, da wane ido za ni dube shi, kuma mi zai iya yi ban da ya shiga cikin wutar shi ma? In kuma na yi shiru kamar yadda Kawu ya umarce ni, to ran Juma'a dattijon da ya goya ni a keke zai tura keken nan ya shiga daji shi kaɗai saboda makin da na ci. Wasu sun tafi irin wannan kiran sun dawo, wasu har yau ana jira. Ban san ko biyayya ce za ni yi masa ba, ko kuwa tsorona ne ya samu inda zai fake.

Ɗazu da safe wani imel ya shigo, wai ana taya ni murna, na kammala darussa duka, in aiko da sunana yadda nake son a rubuta shi a takardar shaida. Na karanta na kife wayar. Takardar yaran na cikin akwati, a kan takardun sakamakona masu sa hannunsa, na buɗe na duba ta ya fi sau goma tun jiya.

Ku da kuke nesa, hankalinku kwance, wataƙila ku hango abin da ni ban hango ba. In akwai wanda ya san yadda ake shiga tsakani a irin wannan, ko wanda ya taɓa tsayawa inda nake tsaye, don Allah ya yi magana yau, kada ya bari sai gobe. Ku sa Kawu a addu'a ko da ni ba ku sa ni ba. Yau Litinin. Jama'a, mi za ni yi kafin Juma'a?